Koyarwa daga gida lokacin annoba: raunina ne, ko tsarin aikin ne ya gaza?

Malamar Lissafi ta rubuta:

Assalamu alaikum malamai, iyaye da sauran masu bibiyar wannan zaure. Na daɗe ina karanta abin da ake rubutawa a nan ban taɓa sa baki ba, sai yau da wata matsala ta sha mini kai.

Ni malamar lissafi ce a makarantar sakandare, kuma shekarata 14 ina shiga aji. A makon jiya shugabar makarantarmu ta tara mu a ɗakin malamai, ta ce hukumar makaranta tana so a rubuta tsarin da za a bi idan wata annoba ta sake tilasta rufe makarantu, domin kada a maimaita kame-kamen da aka yi a 2020. Aka kafa kwamitin mutum 4, aka sa sunana a ciki saboda, a cewarta, ina cikin waɗanda suka fi ƙoƙari a wancan lokaci. Na yi godiya kamar yadda ya kamata, amma tun daga ranar ban sake barcin kirki ba, domin ita ƙoƙarin kawai ta gani, ba ta san halin da ya jefa ni ba.

Bari in faɗi yadda abin ya kasance. Bayan da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ayyana korona a matsayin annobar da ta game duniya, ranar 11 ga Maris 2020, ba a daɗe ba aka sallami ɗalibai, mu kuma aka ce mu ci gaba da darasi ta intanet. Babu wanda ya koya mana yadda ake yi. Na jingina wayata da tarin littattafai a kan wani ɗan tebur, na rataye ƙaramin allo a jikin ƙofar ɗaki, na fara. A aji, da na juyo daga allo na san wanda ya gane da wanda ya ɓace tun kafin kowa ya buɗe baki; akwai yarinyar da in ta rikice sai ta fara tauna bayan biro, akwai yaron da in ya gane sai ya jingina da bango yana murmushi. A waya kuwa ba abin da nake gani sai baƙaƙen akwatuna da sunaye a ƙasansu, domin yawancinsu sun kashe kyamara, wasu don kada datarsu ta ƙare, wasu don kunyar a ga cikin gidansu. In ce "kun gane?", shiru. In sake tambaya, sai murya ɗaya ta ce "e, Malama", ban sani ba ko da gaske take ko tausayina ta ji.

Aikin gida kuwa hotonsa ake turowa. Ina da azuzuwa 4, ɗalibai kusan 150, kowa ya ɗauki hoton shafinsa ya turo ta WhatsApp, wani a karkace, wani a duhu, wani babban yatsansa ya rufe rabin amsar. Sai in buɗe hoto, in ja shi da yatsu biyu har lambobin su fito, in rubuta gyara a saƙo, in koma na gaba. Abin da nake gamawa cikin awa ɗaya da jan biro ya koma aikin dare guda. Lambar wayata ta shiga hannun kowane uba da kowace uwa, kuma ba wanda ya ga laifin kirana da ƙarfe 11 na dare don ya ji dalilin da ɗansa ya samu maki kaɗan. Ga kuma 'ya'yana biyu a gida, su ma makarantarsu a rufe, suna jiran wannan wayar guda ɗaya domin nasu darasin.

Wajen wata na uku na fara ganin abin da ban san kaina da shi ba. Da na ji ƙarar shigowar saƙo sai gabana ya faɗi. Nakan farka da ƙarfe 3 na dare ina lissafin hotunan da ban duba ba. Abin da ya fi tsorata ni shi ne ranar da wani ɗalibi mai hazaƙa, wanda ya ɓace mana tun mako na uku, ya aiko saƙo ta wayar maƙwabcinsu yana ba da haƙuri cewa gidansu babu waya mai intanet. Na karanta ban ji komai ba, sai ma haushin an ƙara mini aiki. Ni da na zaɓi koyarwa da kaina, na wayi gari ina jin haushin yaro don ya nemi karatu.

Tambayata kashi biyu ce. Shin abin da ya same ni ciwo ne mai suna, ko kuwa rauni ne da ragwanci, tunda ga abokan aikina ban ji sun yi ƙorafi ba? Sannan me ya kamata in dage a rubuta a cikin wannan tsari, domin kada malamin da zai zo bayana ya sha abin da na sha?

Tsohon Hedimasta ya amsa:

Wa alaikumus salam, 'yata. Na yi ritaya jim kaɗan bayan annobar, saboda haka a lokacin da kike ba da labari ni ina cikin masu ba da umarni ne, kuma zan faɗa miki abin da ba kowane shugaban makaranta zai yarda ya faɗa ba.

Ki cire maganar ragwanci daga ranki. Raggo ba ya farkawa da tsakar dare yana lissafin aikin da bai gama ba. Su kuma abokan aikin da kika ce ba ki ji ƙorafinsu ba, a ina kika gan su da za ki ji? Ɗakin malamai nan ne malami yake sauke nauyin da ya ɗauko daga aji: ya shigo ya jefar da alli, ya ce 'yan aji kaza sun ƙure shi yau, wani ya yi dariya ya ce jiya ma haka suka yi masa, shi ke nan zuciya ta yi sanyi kafin a kaɗa ƙararrawa. Da aka rufe makaranta har da wannan ɗakin aka rufe, kuma babu wanda ya sa shi cikin lissafin asara. Bayan an dawo, malamai uku daga cikin waɗanda nake ɗauka sun fi kowa dauriya sun same ni a ofis ɗaya bayan ɗaya, kowannensu yana zaton shi kaɗai ne ya kusa ajiye aikin.

Kuskurenmu mu shugabanni shi ne mun ɗauko jadawalin aji yadda yake, da darussansa na safe har zuwa tashi, muka kife shi a kan intanet kamar babu abin da ya canza. Muna tsoron iyaye su ce malamai suna gida suna hutawa. Tunda kuma ba na iya zagayawa in leƙa ta taga in ga malami a gaban allo, sai na koma neman shaida: a turo hoton kowane darasi, a cike fom na waɗanda suka halarta, a rubuta rahoto a ƙarshen kowane mako. Wallahi rabin waɗannan takardun ban taɓa buɗe su ba. Hankalina kawai suke kwantarwa, malamai kuwa barcinsu suke sarayarwa domin su rubuta su.

Duk da haka a yi mana adalci. Ƙididdigar UNESCO, hukumar ilimi ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta nuna cewa a lokacin da rufe makarantu ya kai ƙololuwa, a watan Afrilun 2020, abin ya shafi ɗalibai sama da biliyan 1.5 a ƙasashe fiye da 190, tare da malaman firamare da sakandare kimanin miliyan 63. Babu hedimastan da aka taɓa horarwa a kan irin wannan. Ni kaina jikana ne ya nuna mini inda ake dannawa a shiga Zoom. Uzurinmu a lokacin shi ne ba mu sani ba, kuma wannan uzurin ya ƙare, shi ya sa nake ganin shugabarku ta yi daidai, domin ba a fafe gora ranar tafiya.

Abin da zan ce ki dage a kai shi ne rage manhajar karatu. Kowane sashe ya zauna tun yanzu ya ware darussan da ba makawa sai an koyar, da waɗanda za su iya jira har a dawo aji, a rubuta, shugaba ya sa hannu, domin kada malami ya riƙa jin kamar bashi ake binsa. Sannan duk rahoton da ba a faɗi wanda zai karanta shi da abin da zai yi da shi ba, a soke shi. Amma na san za a zo miki da shawarar a rufe waya da an tashi aiki, kuma ni ban gamsu da ita ba. Malami ba akawu ba ne. Yaron da uwarsa ke fita da waya tun safe, sai dare zai same ta, idan muka rufe masa ƙofa a lokacin, mun sallame shi ke nan.

Ma'aikaciyar Lafiya ta amsa:

'Yar'uwa, sannu da wannan ɗawainiya. Aikina sauraron mutanen da damuwa ta yi wa yawa, kuma ko da yake ba a duba mara lafiya ta rubutu, zan iya gaya miki cewa abin da kika kwatanta sananne ne, an kuma daɗe ana nazarinsa.

A 1974 wani masanin halayyar ɗan Adam a Amurka, Herbert Freudenberger, ya yi rubutu a kan yadda ma'aikatan da ke hidimar mutane suke farawa da zumuɗi, sannan a hankali ƙarfinsu ya ƙare kamar fitilar da manta ya ƙone. Daga baya Christina Maslach ta faɗaɗa binciken, ta samar da ma'aunin da har yau ake amfani da shi. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana wannan hali, wato gajiyar aiki da ake kira burnout da Turanci, a kundinta na rabe-raben cututtuka, bugu na 11, ta ce alamunsa uku ne: ƙarewar kuzari, nisantar zuciya daga aikin har mutum ya fara jin haushinsa, da kuma raguwar iya aikin yadda ya kamata. Ki duba labarin yaron nan da ya aiko saƙo ta wayar maƙwabci. Rashin jin komai da ya tsorata ki shi ne alama ta biyu, kuma yawanci dabara ce da zuciya ke yi don ta kare kanta idan an yi ta ɗiba daga gare ta ba a mayarwa. Ita ce alamar da ta fi sa malamai da ma'aikatan jinya kunya, shi ya sa ba a cika jin ta a bakinsu ba.

Akwai wani abu a bayanin hukumar da nake so ki kai wa kwamitinku. Ba ta lissafa wannan gajiya a matsayin cuta ba. Ta kira ta al'amarin da ke tasowa daga wurin aiki, sakamakon matsin lamba mai tsawo da ba a shawo kansa ba. Ma'ana, inda ake neman gyara shi ne aikin. Tun 1979 wani masani mai suna Robert Karasek ya nuna cewa aikin da ya fi cutar da mutum shi ne wanda ake buƙatar abu mai yawa daga gare shi alhali ba shi da ta cewa a kan yadda zai yi shi. Malami a ajinsa sarki ne: shi ke sanin lokacin da zai tsaya, da lokacin da zai maimaita. A koyarwa daga nesa an ƙara masa kaya, an kuma karɓe ragamar, domin sabis na iya yankewa a tsakiyar bayani, ɗalibi na iya fita ba sallama, uba na iya zama a gefe yana sauraro.

Ita kanta kyamarar tana gajiyarwa. A watan Fabrairun 2021 Farfesa Jeremy Bailenson na Jami'ar Stanford ya kawo dalilai 4 da ke sa taron bidiyo ya fi taron ido da ido cin ƙarfi. Fuskoki suna kusa da ke fiye da yadda aka saba, suna kallonki ba ƙaƙƙautawa. Kina ganin fuskarki duk tsawon lokacin, kamar wadda aka ɗora wa madubi a gaba tana aiki. Kina daskare wuri ɗaya don kada ki fita daga hoto, alhali malami a aji yawo yake yi. Sannan ƙwaƙwalwa tana wahalar karanta alamun jiki da a zahiri take fahimta ba tare da ƙoƙari ba. Ke naki ya zo da wani salo, tunda ma babu fuskokin, sai ki yi ta magana cikin duhu kina cike giɓin da zato. Daga cikin sauƙin da ya ba da shawara akwai ɓoye hoton kanki, da rage girman tagar bidiyon, da yin wani sashe na taron da murya kaɗai.

Sai dai kada a tattara komai a ce gajiyar aiki ce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanar a watan Maris 2022 cewa a shekarar farko ta annobar, fargaba da ciwon damuwa sun ƙaru da kashi 25 cikin 100 a duniya. Bambancin da nake dubawa shi ne, gajiyar aiki takan sassauta idan mutum ya samu hutu na gaske, shi kuwa ciwon damuwa yana bin mutum duk inda ya je. Idan baƙin ciki ko rashin jin daɗin komai ya zauna kusan kullum har tsawon mako biyu ko fiye, tare da rikicewar barci da ganin kai ba a bakin komai ba, to lokacin ganin likita ya yi, kuma ana samun sauƙi da magani ko da zaman tattaunawa da ƙwararre. Idan kuwa tunanin cutar da kai ya taɓa giftawa, wannan ba ya jiran gobe. Ke da kika ce shekaru sun wuce amma maganar kwamiti kaɗai ta hana ki barci, jiki magayi ne. Ina ba ki shawara ki samu ƙwararre ku zauna ko sau ɗaya ne, ba don na yanke cewa kina da ciwo ba, sai don wannan nauyin ya daɗe a kanki ke kaɗai.

Wakilin Malamai ya amsa:

Malama, na ji daɗin bayanin 'yar'uwarmu ma'aikaciyar lafiya, domin ya rufe ƙofar da ake yawan bi a guje wa magana. A lokacin annobar an gayyace mu wani taro ta intanet a kan yadda malami zai kula da lafiyar ƙwaƙwalwarsa, aka koya mana jan numfashi da motsa jiki, kuma aka sa taron da yamma, a cikin lokacin hutunmu, aka ce halarta dole. Babu wanda ya rage mana darasi ko ɗaya. Ina roƙonki kada tsarinku ya zama irin wannan, shafi biyar na nasiha ga malami, babu layi ɗaya da ya ɗaure makaranta.

Da girmamawa, Baba Hedimasta, a maganar waya ban bi ku ba. Gaskiya ne akwai yaron da sai dare yake samun waya, amma maganin wannan shi ne yaron ya iya turo aikinsa a kowane lokaci, malami kuma ya amsa a lokacin aiki. Turowa daban, wajabcin amsawa daban. Kuma wannan ba sabon abu ba ne a duniyar ƙwadago. Tun 1 ga Janairun 2017 dokar Faransa ta wajabta wa kamfanonin da ke da ma'aikata 50 ko fiye su tattauna da ma'aikatansu a kan 'yancin kashe na'urorin aiki bayan an tashi. A watan Nuwamban 2021 majalisar Portugal ta amince da dokar da ta hana mai aiki tuntuɓar ma'aikacinsa a lokacin hutu sai da larura mai ƙarfi, ta kuma ɗora masa biyan ƙarin kuɗin wuta da na intanet da aiki daga gida ya jawo. Waɗannan dokoki ba su hau kan kowace makaranta a duniya ba, amma sun nuna cewa wanda ya nemi a sa wa aiki iyaka ba ɗan tawaye ba ne.

Mu malamai ma muna da namu madogarar. Ranar 5 ga Oktoban 1966 aka amince da shawarwarin UNESCO da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya a kan matsayin malamai, kuma ita ce ranar da ake bikin malamai duk shekara. A ciki an ce a tsayar da sa'o'in aikin malami bayan an tuntuɓi ƙungiyoyin malamai, a kuma yi la'akari da yawan ɗalibai, da lokacin shirya darasi, da na duba aikinsu. Shawarwari ne, ba doka ba, amma ki lura da hikimar: awa ɗaya a gaban ɗalibai ba ita ce awa ɗaya ta aiki ba. Darasin bidiyo na minti 20 yana iya cin awa biyu tsakanin shiryawa, ɗauka, sake ɗauka don yaro ya yi kuka a bayan fage, da jiran ya hau intanet. Idan tsarinku darussan da ke jadawali kaɗai ya ƙirga, to ya ɓoye fiye da rabin aikin.

Da ni ne a kwamitin, zan nemi a rubuta sa'ar da ake fara amsa saƙo da sa'ar da ake dainawa, kuma shugabar makaranta ce za ta sanar da iyaye da bakinta, domin idan aka bar wa malama ta faɗa, sai a ce ta cika girman kai. Zan nemi lambar malami ta daina yawo, a samar da layi ko adireshin makaranta da saƙonni za su bi. Na'ura da data kayan aiki ne kamar alli da allo, kuma ban taɓa jin an ce malami ya sayo allo daga albashinsa ba. A fayyace wanda ke da ikon naɗar darasi da inda za a ajiye shi, saboda mun ga an yanko guntun bidiyon malami ana yaɗawa ana dariya. A kuma ba da horo tun ana zaune lafiya, cikin lokacin aiki.

Idan hukumar makarantarku ta ce wannan ya yi yawa, ki tuna mata cewa malamin da aka tatse tafiya yake yi. Binciken da cibiyar RAND ta yi a Amurka a farkon 2021 ya gano cewa kusan malami ɗaya cikin 4 yana ganin zai iya barin aikinsa a ƙarshen wannan shekarar karatu, alhali kafin annobar ɗaya ne cikin 6.

Sabon Malami ya amsa:

Yaya Malama, ku yi haƙuri in sa baki duk da ƙarancin shekaruna a aikin. Shekarata ta biyu ke nan da fara koyarwa aka rufe makarantu, kuma ni malamin kwantiragi ne a wata makaranta mai zaman kanta. Wata na biyu aka raba albashinmu biyu, wata na huɗu aka daina biya gaba ɗaya, amma aka ce mu ci gaba da tura darasi don kada iyaye su janye 'ya'yansu. Damuwata a lokacin ba ta kyamara ba ce. Ina duba aikin ɗalibai ne ina tunanin kuɗin haya. Duk tsarin da bai faɗi makomar albashi da kwantiragi a lokacin rufewa ba, ya bar irinmu a waje, kuma mu ne ba mu da bakin yin ƙorafi.

Game da yaron da ya ɓace muku, ina da irinsa sun fi 10, kuma na daɗe ina ɗora wa kaina laifi. Daga baya na ga rahoton UNICEF na watan Agustan 2020, wanda ya ce aƙalla yara miliyan 463, kusan kashi ɗaya cikin uku na 'yan makarantar duniya, ba su samu damar karatu daga nesa ba. Abin da ya kai wannan girma ba malami ɗaya zai toshe shi da wayarsa ba. A rubuta cewa neman ɗalibin da ya ɓace aikin makaranta ne, a sa wanda zai yi, a kuma tanadi darasi a takarda domin wanda ba shi da intanet.

Malamar Lissafi ta sake rubutawa:

Na gode muku duka, Allah ya saka da alheri. Baba, maganarku a kan ɗakin malamai ta sa na kira wata abokiyar aikina jiya da yamma, wadda nake ganin ta fi ni dauriya, na karanta mata abin da na rubuta a nan. Ta yi shiru na ɗan lokaci, sannan ta ce ita har yau wayarta a kashe take kwana, kuma maigidanta kaɗai ya san dalili. Shekara nawa muna zama kujera kusa da kujera, ba wadda ta taɓa faɗa wa 'yar'uwarta. Saboda haka na ƙara wani abu da ba a ambata ba: idan an rufe makaranta, a ware rabin awa a mako, cikin lokacin aiki, malaman kowane sashe su haɗu ta waya ba tare da shugaba ba, ba tare da rubuta rahoto ba.

A maganar waya na ɗauki ra'ayin Malam Wakili, amma na sa hujjarku a ciki, Baba: ɗalibi ya turo a duk lokacin da ya samu waya, ba za a rage masa maki don dare ba, malami kuma ya amsa washegari. Batun albashi, ƙanena, ya fi ƙarfin kwamitinmu, amma zan rubuta shi a takarda daban in miƙa wa hukumar da sa hannun mu huɗun idan sauran sun yarda. Ɗaya daga cikinsu na san zai yi jan ƙafa, domin shi ma kwantiragi yake. 'Yar'uwa ma'aikaciyar lafiya, na karɓi shawararki, na samu ranar ganin ƙwararriya a mako mai zuwa.

Abu ɗaya ya rage da ban samu mafita ba, shi ne hotunan aikin gida. Lissafi sai an ga yadda yaro ya bi matakai, ba amsar ƙarshe kaɗai ba, kuma ban ga yadda mutum ɗaya zai duba shafi 150 a fuskar waya duk mako ba. Ina tunanin a riƙa duba na kashi ɗaya cikin uku dalla-dalla bi da bi, sauran a tura musu amsoshin da aka warware su gyara da kansu, amma ina tsoron iyaye su ce an yi watsi da 'ya'yansu. Idan akwai malamin lissafi ko na kimiyya a nan da ya gwada wata hanya ta yi masa aiki, ina sauraro kafin ranar Talata, domin a ranar ne kwamitin zai zauna.